Saude a Ƙasar Rana Biyu

Masu sani sun ce kowane tauraro da ido ke gani a sama rana ce mai zaman kanta, nisa ne kawai ya ƙanƙanta ta, kuma da yawansu suna da duniyoyin da ke kewaya su kamar yadda tamu ke kewaya tata. Abin da ba su faɗa ba shi ne aljanu sun daɗe da kafa garuruwa a can, kuma ɗaya daga ƙofofin da suke bi su shigo ƙasar Hausa tana jikin wata tsamiya a bayan rijiyar Unguwar Dinya. Da tsakar rana take buɗewa.

A wannan unguwa akwai wata matashiya mai suna Saude, matar maƙeri. Ɗanta ɗaya ne, Sabitu, shekararsa guda da wata biyu. Ɗan fari ne, kuma sunan surukinta aka sa masa, don haka kunya biyu ta haɗu mata a kansa. Ba ta taɓa kama sunansa ba. In magana ta kama, sai ta ce "yaron nan". In mata suka ɗaga shi suna yaba ƙibarsa, sai ta kau da kai ta shiga gyaran murhu. In ya faɗi a gaban uwar mijinta, takan daure ta tsaya har wata ta ɗauke shi. Haka uwarta ta yi da babban wanta, haka kakarta ta yi, ba a kuma taɓa kiran wannan rashin so ba.

Ran wata Talata ta ɗauki wanki a baho ta tafi rijiya. Ta shimfiɗa wa yaron tsumma a inuwar tsamiya, ta zura guga. Guga na biyu ta waiwayo, sai ta ga tsumma kaɗai, da ɗan lotsawar inda ya kwanta. Wata doguwar mace, siririya kamar gora, tana cusa kafaɗarta cikin jikin itacen, rabinta ya riga ya shige. Saude ba ta yi ihu ba. Ta yi tsalle ɗaya, baho a hannun hagu, ta damƙi gefen zanen matar da dama.

Matar ta juyo da fuska mai idanu a tsaye, ta ce, "Ya ke 'yar Adam, saki tufar jakadiya."

"Ba zan saki ba sai an dawo da abin da aka ɗauka a nan."

"Me aka ɗauka?"

"Yaron da ke kwance."

"Kin ji ko," in ji matar. "Ko yanzu ba ki iya faɗin sunansa ba. Ni ce Marka, jakadiyar Sarauniya Shamsatu. Wata goma sha huɗu ina bisa reshen nan ina kallonki. Ba ki kira shi ba, ba ki yabe shi ba, ba ki dube shi a gaban jama'a ba. Na kai labari cewa akwai ɗan da uwarsa ba ta so, sarauniya kuwa ba ta da ɗa. An miƙa shi hannu zuwa hannu, ya riga ya isa fada."

Saude ta so ta yi bayani, ta ga idanun matar ba na mai sauraro ba ne. Sai kawai ta ƙara naɗe zanen a hannunta. Marka ta ja, ta ja, ta kasa ƙwacewa. Daga ƙarshe ta ce dokarsu ce duk ɗan Adam da ya kama tufar jakada a kai shi gaban sarauta, amma sai ya bi ta ƙasashe uku da ƙafarsa, kuma jakadiya ba ta ba da shawara a hanya. Saude ta ce ba ta nemi shawararta ba, hanya ta nema.

Suka shiga itacen. Ƙasa ta ɓace, taurari suka riƙa wucewa ta gefensu kamar tartsatsin maƙerar mijinta. Saude ta yi bisimilla, ta ƙudura a ranta ba za ta ci komai ba, ba za ta sha ba, ba kuma za ta ce "to" ga kowace magana ba sai ta juya ta ta ga bayanta.

Ƙasa ta farko ba ta juya fuska daga ranarta. Rabinta na kallon rana har abada, duwatsunsa sun narke suna tafasa. Ɗaya rabin bai taɓa ganin haske ba, ƙanƙara ce tsibi-tsibi. Tsakanin wutar da ƙanƙarar akwai wani siririn zirin ƙasa, a nan aljanu suka jera gidajensu. Wata jar rana ƙatuwa tana zaune a bakin sararin sama, kamar saura kaɗan a kira magariba.

Wani tsohon aljani mai gemu har gwiwa ya tarbe su, ya ce shi ne Sarkin Gefe. Ya sa aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa a ƙoƙon azurfa. Saude ta yi godiya ta ce tana da uzuri. Tsohon ya ce babu laifi, sai dai al'adar ƙasarsa baƙo yakan zauna ya huta har rana ta faɗi, sannan a buɗe masa ƙofar gaba. Ya nuna ranar da sandarsa, ya ce ai ga ta nan dab da faɗuwa.

Ta gaji, tabarmar kuma ta yi mata kyau. Amma macen da ta saba shanya tsaba ta san tafiyar inuwa. Ta ajiye bahonta a ƙasa, ta ja layi da ɗan yatsan ƙafa daidai bakin inuwarsa, sannan ta shiga gaishe da tsohon. Ta tambayi iyali, ta tambayi gajiya, ta tambayi dabbobi, ta sake komawa kan iyali. Da ta duba, inuwar na nan kan layin, ko kaurin zare ba ta motsa ba. A lokacin ne ta lura da wasu mutane jere a jikin katanga, bakwai ko takwas, 'yan Adam, furfura ta rufe su, ƙura ta taru a cinyoyinsu, duk sun zuba wa ranar ido.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, tun da aka haife ka, sau nawa ranar nan ta faɗi?"

Tsohon ya yi wata 'yar dariya. "Ko sau ɗaya."

"To a yi min afuwa, a tsaye zan wuce."

Dole ya buɗe ƙofa, don wanda aka gano tarkonsa ba ya da ikon tsare baƙo. Suna fita Saude ta dubi Marka ta gefen ido. Jakadiyar ta ga tabarmar, ta ga mutanen katanga, ba ta ko yi tari ba. Daga nan Saude ta daina tafiya a gabanta.

Suka gifta wata duniya da ke manne da ranarta, wadda shekararta ke cika kafin yini ya ƙare. Suka gifta wata ƙatuwa mai sauƙi kamar auduga, babu inda za a taka ƙafa. Suka gifta wata da ƙarfe ke narkewa ya tashi ya zama girgije a ɓangaren rana, iska ta kai shi ɓangaren duhu ya sauko yayyafi. Saude ba ta tsaya kallo ba. Lokacin shan nonon yaron ya wuce, ƙirjinta ya fara nauyi.

Ƙasa ta biyu shuɗiya ce daga nesa, kamar sabon rinin baba. Marka ta ce, "Ga kyakkyawar ƙasa." Saude ta shaƙi iska, ba ta ji ƙanshin ruwa ba, sai ƙaurin yashi da aka ƙona. Da suka sauka ta gane. Gilashi ake zubawa a can maimakon ruwan sama, kuma ba daga sama yake sauka ba, a kwance yake zuwa, iska mai tsananin gudu na jifa da shi. Gada ɗaya ce ta baƙin dutse ta ratsa cikin guguwar, tsawonta kamar daga gida zuwa gona.

A bakin gadar, cikin wani kogo, wata aljana na zaune da jariri a cinya. Jaririn ya rame, wuyansa kamar tsinke, kukansa ma ba ya fita. Aljanar ta ɗaga wata garkuwar fata mai kauri, ta ce wanda ya riƙe ta gilashi ba ya taɓa shi.

"Ya ke mai shayarwa, na ga rigarki ta matse. Ni nonona ya ƙafe tun wata uku. Ki ba ɗana ya sha sau ɗaya, garkuwa ta zama taki."

Wannan ya fi tarkon tsohon wuya, don jaririn da gaske yake jin yunwa, ita kuma da gaske ƙirjinta ke ciwo. Har hannunta ya kai wuyan riga. Sai ta tuna wanda ya sha nonon mace ya zama ɗanta, ya zama ɗan'uwan 'ya'yanta, ba a raba su har mutuwa.

Ta ce, "Ya ke baiwar Allah, in ɗanki ya sha, ya zama ɗan'uwan yaron nan. Daga ranar kina da ƙofa a ɗakina, kina da hannu a kansa. Ko ba haka ba ne?"

Aljanar ta sunkuyar da kai, ta ce haka ne.

Saude ta kwance bakin zanenta, ta ciro curin furar da ta ɗauro guzurin zuwa wanki, ta ajiye mata. Ta ce a dama da ruwan ɗumi, a tace sosai, a ba shi kaɗan-kaɗan da cokali, kada a ɗura masa. Sannan ta kare kanta da ƙirjinta da baho ta gefen da iskar ke zuwa, ta duƙa, ta hau gada.

Gilashi ya riƙa dukan bahon kamar ana surfe a kansa. Fentin ya kankare tas, ƙarfen ya lotsa. Ƙwaurinta da gwiwar hannunta suka tsattsage, jini na bin diddigenta. Sau biyu iska ta kai ta bakin gada, sau biyu ta durƙusa ta rarrafo tsakiya. Marka na tafe a gabanta a miƙe, gilashi na ratsa ta kamar hayaƙi. Da suka ƙetare, Saude ta yagi bakin ɗankwalinta ta ɗaure inda ya fi zubar jini, ta ce a ci gaba. Jakadiyar ta daɗe tana kallon ƙafafun.

Ƙasa ta uku baƙa ce fiye da gawayi. Ranarta na nan a sama, ƙatuwa, tana zuba haske, amma ƙasar na haɗiye shi ba ta mayar da ko kaɗan, sai wani ɗan ja-ja can ƙasa kamar garwashin da toka ta rufe. Saude ba ta ganin tafin hannunta. Babu wanda ya tarbe su. Ta riƙa jan ƙafa a hankali tana lalube.

Sai ta ji kuka ta hannun dama, kusa. Kukansa ne. Har da 'yar shaƙewar nan da yake yi in ya gaji da kuka, har da yadda yake jan "mma" a ƙarshe. Kafin ta yi tunani ta riga ta yi taku uku a guje.

A taku na huɗu ta tsaya cak. Duk mai shayarwa ta san abin da jikinta ke yi in ɗanta ya yi kuka. Ita ko tana gidan maƙwabta ya motsa a ɗaki, nono ke tsattsafo mata ya jiƙa riga. Yanzu kuwa ga ƙirji cike har yana zafi, ga kuka a kunne, amma ko ɗigo. Ta dafa rigar, a bushe take. Ta ɗaga bahon ta wurga shi wajen da kukan ke fitowa, ta kasa kunne. Ta ƙirga numfashi goma, ashirin, talatin. Ba ta ji ya faɗi ba. Kukan ya ɗauke kamar an rufe tukunya.

Ta ja da baya da rarrafe har ta taɓa ƙafar Marka, ta ce, "Kin san da ramin nan."

"Na sani. Ban tura ki ba, ban kuma riƙe ki ba." Sannan jakadiyar ta ƙara da wata murya da ba irin ta ɗazu ba. "Mata huɗu na kawo nan kafin ke. Dukansu suna kiran sunan 'ya'yansu suka faɗa ramin."

Saude ta sake kama gefen zanen jakadiyar, ba ta saki ba har suka fita daga duhun.

Ƙasar sarauniya rana biyu gare ta, babba mai ruwan ƙwai da ƙarama ja, suna bin juna a sama, kowane abu kuma inuwa biyu yake da ita. Ga koguna, ga ciyawa, ga itatuwa masu 'ya'ya har ƙasa. Saude ta shiga neman aibu. Ta taɓa ruwa, ruwa ne. Ta murza ganye, ganye ne. Ta duba gindin katanga ko za ta ga masu furfura, ba kowa. Babu sauro, babu ƙuda, babu ko ƙaya a hanya. Wannan ya fi duk abin da ta wuce tsoratar da ita, don ta fara tambayar kanta me za ta ce yaro ya rasa a nan.

Fadar fili ce babba a buɗe, cike da dattawan aljanu. Sarauniya Shamsatu na bisa karaga, a cinyarta kuwa ga Sabitu, an sa masa rigar alharini, an shafa masa turare, yana wasa da awarwaron zinariya yana ƙyalƙyala dariya. Ya ɗago ya dubi matar da ta shigo da yagaggen ɗankwali da jini a ƙafa, ya koma kan wasansa. Nan take nono ya ɓalle mata, ya jiƙa rigar har ciki. Shi ne. Amma ganin manya sun zuba mata ido, sai jikinta ya yi abin da ya saba, ta kau da kai. Fada ta ɗauki gunaguni.

Sarauniya ta ce, "Ya ke 'yar Adam, kin ƙetare abin da ba a ƙetarewa, mun gani. Amma ga ɗanki a gabanki kin kawar da fuska, wannan ma mun gani. Ba za mu yi miki zalunci ba. Za a ajiye shi a tsakiya, ni in kira, ke ki kira. Wadda ya je wurinta, nata ne, ba kuma za a sake maganar ba har abada. Kin yarda?"

Saude ta juya maganar ta duba bayanta. Ta tambaya ko za a riƙe shi, aka ce a'a. Ta tambaya ko za a sa masa wani abu a ido ko a kunne, sarauniya ta rantse babu. Ta tambaya ko akwai irin kiran da aka hana, aka ce kowa ta yi da abin da take da shi. Ta ce ta yarda.

Aka ajiye yaron a tsakiyar fili, taku goma daga kowace. Sarauniya ta sauko daga karaga, ta miƙa hannuwa, ta kira shi da murya mai zaƙi. Sabitu, Sabitu na gidan maƙera, Sabitu mai ƙasar rana biyu. Ta kaɗa awarwaro. Yaron ya washe haƙoransa huɗu, ya kifa hannu a ƙasa, ya fara rarrafe wajenta.

Saude ta buɗe baki. Kunya ta riga ta fita daga kanta, da za ta iya da ta faɗi sunan sau ɗari a gaban surukinta ma. Sai wani tunani ya daki ƙirjinta: bai taɓa jin sunan nan daga bakinta ba. A bakin kakarsa ya san shi, da ubansa, da matan unguwa. In ta faɗa yanzu, muryar baƙuwa zai ji, ita kuma ba ta da awarwaro. Taku uku ya ci. Taku huɗu.

Ta rufe bakinta. Ta juya wa fada baya, ta juya wa ɗanta baya. Ta sassauta zanenta, ta durƙusa, ta duƙar da kafaɗa, ta bubbuga bayanta sau biyu da tafin hannu.

Dattawa suka ce ta sallama. Wani ya ce a rubuta hukunci. Saude ba ta waiwaya ba, don ba a waiwaye in ana jiran goyo, yaro yakan ɗauka wasa ne ya gudu. Ta kafa ido a ƙasa. Ƙarar awarwaro ta ƙaru, muryar sarauniya ta ƙara zaƙi, sannan ta fara sauri. Saude ta sake bubbugawa sau biyu, ta jira. Gwiwarta mai rauni na zogi a kan dutse.

Can sai ga wasu ƙananan inuwoyi biyu sun ɓullo a ƙasa, ɗaya ta damanta, ɗaya ta hagunta, suna tangaɗi suna matsowa. Awarwaro ya yi shiru. Wasu 'yan hannuwa masu danƙo suka kama rigarta, wata 'yar gwiwa ta taka ƙugunta, wani kai mai ɗumi ya kwanta tsakanin kafaɗunta. Ta tallafe shi, ta ja zane ta rufe, ta ɗaure a ƙirji, ta soke na ƙasa, ta miƙe.

Sarauniya ta daɗe a tsaye da hannuwanta a miƙe. Sannan ta sauke su, ta ce magana ta ƙare. Ta dubi jakadiyarta ta ce, "Wata goma sha huɗu kina kallo, Marka, ba ki ga wannan ba?" Marka ta ce ta gani kullum, ba ta ɗauka kira ba ne. Sarauniya ta umarce ta ta mayar da su ta gajeriyar hanya, wadda ba ta bi ta ƙasar kowa, kuma a toshe ƙofar tsamiya daga ranar. Aka kawo wa Saude zinariya a faifai, ta ce an gode. Ta zare rigar alharinin ta ƙarƙashin goyo, ta ninke ta ajiye musu a kan faifan.

Suka kama hanya, taurari na wucewa. Yaron ya yi barci, numfashinsa na dukan wuyanta. Da suka yi nisa, Marka ta rage murya ta ce, "Nan babu surukanki, babu fada, babu mai ji sai ni. Ki gaya min da bakinki, don in san abin da na kasa gani. Kina son sa?"

Saude ta kai hannu baya ta ja zanen ya rufe kunnen yaron.

Ta ce, "Rage gudu. Iska na dukan sa."